Takalmi Ya Ƙaryata Takarda

Ranar da aka ce ƙasashen nan uku maƙwabta sun ƙulla yarjejeniyar kasuwanci, Baduku ya ji labarin a rediyo har sau uku, kuma duk sau ukun bai gane ba. Mai karanta labarai ya ce an buɗe iyaka. Direban da ke jigilar kaya zuwa ƙetare ya ce shi dai jiya-jiyan nan ya wuce, ƙofar tana nan da kwaɗonta, har sabon fenti aka yi mata. Mai sayar da gam ya rantse cewa kuɗin ƙasashen za a haɗe, wani kuma ya ce a'a, sojojinsu ne. Baduku ya saurari kowa, ya gyaɗa wa kowa kai, ya koma kan basillarsa.

Shekara talatin da ɗoriya ke nan yana ɗinkin takalma a shago ɗaya, a layin da duk masu sana'ar suke, har sunansa na yanka ya ɓace. Kowa Baduku yake ce masa, har matarsa in ya ba ta haushi. Shagon ɗaki ɗaya ne: keken ɗinki biyu, teburin yanka fata wanda wuƙa ta cinye gefensa, da ƙafafun katako jere a kan kanta, daga na ɗan yaye har na ƙato. A da mutum bakwai ne ke aiki a ciki. Tun da takalman roba suka cika kasuwa sai suka rage saura biyu, Dogo da Mai-Tari, dukkansu magidanta, kuma sun gaya masa ba kwana-kwana cewa in watan nan ya mutu ba aiki, haya za su koma yi da babur. In suka tafi kuwa shago ya rufe, don idon Baduku ya daina ganin kafar allura.

'Yarsa Auta, wadda ke aiki a wani kantin magani, ita ta zaunar da shi ta yi masa bayani.

"Baba, abin ba wuya. Duk abin da aka ƙera a ɗaya daga cikin ƙasashen uku zai shiga sauran biyun ba haraji. Takarda kawai za a ba ka, mai shaida cewa a nan aka yi shi."

"To da can a ina ake yin sa?"

"A nan mana."

"Me ya hana su sani?"

"Babu takarda."

"Yanzu in babu takarda, ba ni na ɗinka ba ke nan?"

"Baba, don Allah ka bar ni da su."

Ya bar ta da su, don ya san halinta, na uwarta ta ɗauko. Cikin sati biyu ta samo wata Hajiya a can ƙetaren iyaka mai sayar da kayan makaranta, ta aika mata da sandal guda ta gani. Hajiya ta bugo waya ta ce tana son na yara ɗari biyu da arba'in, irin wannan sak, su iso shagonta ranar Asabar kafin ta rufe, don Litinin makarantu za su koma. In abin ya yi, kowane zangon karatu za ta riƙa karɓa. Dogo ya ji haka ya fasa zancen babur, Mai-Tari ya yi murna har tarinsa ya sarƙe shi.

Sai wani jami'i ya zo daga ofishin ciniki da jaka da waya, ya ɗauki hoton fata, ya ɗauki hoton keke, ya ɗauki hoton Dogo yana hamma. Ya tambayi inda aka jeme fatar, da inda aka yi zaren, da inda aka yi gam. Da aka ce gam daga ƙetaren teku yake zuwa sai ya ɓata fuska, ya buɗe wani littafi ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce ba komai, gam bai kai ya sauya wa takalmi ƙasa ba. Baduku bai taɓa sanin takalmi yana da ƙasa ba sai ranar. Bayan kwana huɗu takarda ta fito da tutoci uku a samanta. Auta ta sa ta a leda, ta gargaɗe shi kada ya naɗe ta, kada ya zauna a kanta.

Abu ɗaya ne jami'in bai gani ba, don ranar da ya zo ba a kai ga wurin ba. Baduku yana da wani hatimin ƙarfe mai mariƙin katako, wanda ya gada daga maigidan da ya koya masa sana'a. A jikinsa akwai sunan wata ƙasar Turai da ta yi suna wajen takalma, harafi ɗaya ya ɗan guntule a gefe saboda tsufa. In an gama takalmi sai a gasa ƙarfen a murhun gawayi a danna shi a wurin dunduniya. Ba wai Baduku bai san sunan ƙasa ba ne, ya sani sarai. Amma bai taɓa ɗaukar abin ƙarya ba. A wurinsa, da duk mutanen layin da ke zuwa aron ƙarfen nan, wannan shi ne ƙarshen aiki, kamar goge riga bayan ɗinki. Takalmin da ba a danna masa ba tsirara yake, kuma mai saye ko kallonsa ba zai yi ba. Don haka ranar Juma'a da hantsi, Auta tana can kantin magani, ya hura gawayi ya danna wa kowanne, tsaf, ba karkace ko ɗaya.

Asabar da sassafe suka loda kwalaye goma sha biyu a motar direban nan da ake wa laƙabi da Ba-Birki, ba don motarsa ba, don bakinsa. Tun daga tasha har iyaka bai numfasa ba. Ya bayyana wa Baduku yarjejeniyar daga farko har ƙarshe ta hanya uku daban-daban, kowace tana ƙaryata 'yar'uwarta.

A iyakar an gina sabon ofishi, zaure ɗaya dogo, inda jami'an ƙasashen biyu ke zaune a tebur ɗaya, kowa da kalar kakinsa. An ja wani layi ruwan ɗorawa a ƙasa ya ratsa tsakiyar zauren. Baduku ya tsaya a kansa da takardarsa a hannu, ya dubi dama ya dubi hagu.

"Yanzu ni a wace ƙasa nake?"

Ba-Birki ya ce, "Kawu, ƙafarka ta hagu tana gida, ta dama ta yi tafiya."

Aka shigo da kwali ɗaya aka ɗora a tebur. Jami'in ɓangaren gida wani ƙaton mutum ne mai tumbi, wanda kowa ke ce wa Oga, takalminsa sau-ciki yana ƙyalli kamar an lashe shi. Ta ɓangaren maƙwabta kuwa wata mace ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Oga ya karanta takarda ya gyaɗa kai, ya miƙa wa mai tabarau ta karanta ta gyaɗa kai. Baduku har ya fara jin iska tana shigarsa. Sai Oga ya yanka kwalin, ya zaro sandal ɗaya, ya juya shi, ya leƙa cikinsa. Ya daɗe yana leƙawa.

"Dattijo, wannan takardar taka ce?"

"Tawa ce, ranka ya daɗe."

"Takalman fa?"

"Nawa ne su ma."

"To takarda ta ce a gida aka yi su. Takalmi ya ce a Turai aka yi shi. Wanne ne yake ƙarya a cikinsu?"

Baduku ya yi dariya, don ya zaci wasa ne. "Babu mai ƙarya, yallaɓai. Wannan ai hatimi ne."

"Na ga hatimi ne. Me ya ce?"

"Ba ya cewa komai. Dannawa ake yi."

"Don me ake dannawa?"

"Don an gama."

Oga ya dubi mai tabarau, mai tabarau ta dubi silin. Ba-Birki ya buɗe baki zai taimaka, Oga ya ɗaga masa yatsa ɗaya, ya rufe.

"Bari in gaya maka abin da na gani," in ji Oga. "Kayan Turai ne ka shigo da su ta bayan fage, ka je ka samo takardar gida, kana so ka tsallaka da su ba haraji. Irinku muke jira tun da aka fara abin nan. In haka ne, kaya sun zama na hukuma."

Baduku ya juya wajen mai tabarau, don ya ga fuskarta da ɗan sauƙi. "'Yata, wallahi a shagona aka ɗinka su."

Ta ce, "In a shagonka aka ɗinka su, Baba, to rubutun nan yaudarar mai saye ne. Yarjejeniya ta hana. Ba za su shiga ƙasarmu da shi ba."

"To in na Turai ne fa?"

"Shi zai kama su."

"In nawa ne?"

"Ni zan mayar da su."

Ya tsaya yana jujjuya maganar a ransa, ta ƙi zama. An ce masa an buɗe hanya don kayan gida, ga shi da kayan gida, ga takarda mai tuta uku wadda bai naɗe ba, bai zauna a kanta ba, amma ya zama mai laifi ta gaba da ta baya. Abin da yake gani a idonsa kawai shi ne Dogo a kan babur, da kwaɗo a ƙofar shago.

Oga bai gama ba. Ya ɗaga sandal ɗin sama yana nuna wa sauran jami'ai. "Ku dubi ɗinkin nan don Allah. Ku dubi yadda zare ya kwanta, kamar da ma'auni aka jera shi. Ku dubi gefen. Wa ke da wannan hannun a ƙasar nan? Ni za a yi wa wayo? Na san kayan waje in na gan su."

Wani abu mai daɗi ya ratsa Baduku tun daga ƙirji har wuya, bai san lokacin da ya yi murmushi ba. Shekara talatin yana jiran wani ya ɗaga aikinsa sama a gaban mutane ya faɗi haka. Kafin daɗin ya gama sauka sai haushi ya biyo bayansa, don yabon ba nasa ba ne, na wasu mutane ne can da bai taɓa gani ba, kuma da yabon ake shirin ƙwace masa kaya. Ya rasa ko godiya zai yi ko rantsuwa.

"Kai ma ka gani da idonka," in ji Oga. Ya ja kujera baya, ya ɗora ƙafarsa ɗaya a kan kwalin. "Ga ɗan'uwansu nan. Surukina ya kawo min tsaraba daga can. Shekara biyu ina takawa, ko gezau. Ɗinki iri ɗaya, fata iri ɗaya. Ka ce min wannan ma a shagonka aka yi."

Baduku ya sunkuya ya duba, don baduku ba ya iya ganin takalmi bai duba ba. Ya dubi hancin, ya dubi yadda aka lanƙwasa fatar a dunduniya, ya dubi ƙullin zare biyu da ake ɓoyewa a gefen ciki. Ya san sau-cikin nan kamar yadda ya san 'ya'yansa. Guda ashirin ya yi irinsu shekara biyu da suka wuce, wani ɗan kasuwa ya kwashe.

Ya san in ya faɗa ya kunyata babban mutum a gaban yaransa, kuma babban mutumin da aka kunyata ba ya yafewa da wuri. In ya yi shiru kuma kaya sun tafi. Ya ɗago kai.

"Ranka ya daɗe, a yi min afuwa. A shagona aka yi shi."

Wani jami'i da ke shan shayi ya ajiye kofinsa.

"Ka cire na hagun, ka duba hatimin. Harafi na uku ya guntule a gefe, kamar na sandal ɗin nan. Sannan ka ɗaga shimfiɗar ciki. Za ka ga lamba arba'in da huɗu da fensir, an zagaye ta. Dogo ne yake zagayewa, na hana shi ya ƙi ji."

Da Oga mai wayo ne da ya yi tsaki ya bar maganar. Amma mutum ne da bai saba a ƙaryata shi ba. Ya cire takalmin a fusace, ya kwatanta hatimi da hatimi, ya sa farce ya ɓanɓare shimfiɗar. Ya daɗe yana kallon abin da ya gani. Mai tabarau ta leƙo ta kafaɗarsa, ta koma ta zauna, ta rufe bakinta da takardar Baduku, kafaɗunta suna rawa. Ba-Birki kuwa ya fita waje da gudu, aka jiyo shi yana ƙyaƙyatawa a bayan taga.

"Ni na ɗinka su," in ji Baduku. Ya ɗaga hannayensa biyu, masu kanta da tabon basilla. "Da hannun nan. Wancan da waɗannan duka." Bai taɓa faɗin haka ga kowa ba tun da ya fara sana'a, don ko mai saye ya tambaya cewa yake yi kaya ne masu kyau, ya bar shi da hatimi. Da ya faɗa sai ya ji kunya, ya kuma ji kamar ya ƙara tsawo.

Oga ya mayar da takalminsa bai ɗaga kai ba. "Zan gamu da surukin nan," ya faɗa ƙasa-ƙasa. Sannan ya ce wa mai tabarau, "Ba na waje ba ne. Ba ruwana da su. Matsalarki ce."

Ta share hawayen dariya ta gyara tabarau. "Baba, ga abin da zan iya yi maka. Takardarka tana da kyau. Rubutun ne ba shi da kyau. In ka cire shi daga kowane takalmi, na duba na ga babu, ka wuce. Amma ƙarfe huɗu muke rufe teburin dubawa, sai kuma Litinin."

"In cire? Ai sai su zama ba a gama su ba."

"A wurinmu sai an cire ne aka gama."

Ya dube ta, ya ga da gaske take. Lokacin sha ɗaya ta wuce. Takalman yara ɗari biyu da arba'in ne, kowane yaro kuma ƙafa biyu Allah ya ba shi.

A ƙarƙashin wata rumfar kwano, bayan ofis, Baduku ya shimfiɗa buhu ya zauna, ya fito da wuƙarsa ta fiɗar fata da ba ya rabuwa da ita. Kankarewa yake yi a hankali, sama-sama, don kada fatar ta huje, sannan ya shafa man takalmi ya murza da tsumma. Ba-Birki ya karɓi aikin murzawa bayan ya yi mita iya ransa, yana cewa shi direba ne ba mai wankin takalmi ba, kuma duk wanda ya ƙirƙiro yarjejeniyar nan bai taɓa zama a rumfar kwano da rana tsaka ba. Masu wucewa suna tsayawa suna kallo. Wata mai ɗauke da buhunan sabulu ta tambaya ko sabuwar doka ce a kankare kaya kafin a tsallaka, Ba-Birki ya ce mata ƙwarai kuwa, ta tafi hankali a tashe.

Wajen ƙarfe ɗaya Auta ta bugo. Da ta ji abin da ya faru sai ta yi salati.

"Baba! Ka danna musu ƙarfen nan? Bayan duk wahalar da na sha a kan takardar?"

"To ke kin ce kada in danna? Cewa kika yi kada in naɗe, kada in zauna."

Sai ta fashe da dariya, shi ma ya taya ta kaɗan. Ya ba ta labarin Oga da sau-ciki, ya maimaita mata abin da Oga ya faɗa a kan ɗinkin, kalma bayan kalma, har sau biyu.

Ta ce, "Ka gani? Zan sa maƙeri ya yi maka naka hatimin, da sunanka da sunan ƙasarmu. Tun da doka ta ce a faɗi gaskiya, ai sai mu faɗe ta da ƙarfe."

"Ke dai da surutu," in ji shi. Amma bayan ya ajiye wayar sai ya riƙa kallon ɗan gurbin da wuƙa ke bari a kowace dunduniya, fili sumul, daidai faɗin suna. Wanne zai sa? Na yanka, wanda rabon da ya ji an kira shi da shi tun rasuwar mahaifiyarsa? Ko Baduku kawai? Ya yi ta auna haruffan da ido, yana jin kunyar kansa, yana kuma ci gaba da aunawa. Yatsunsa suka yi tsami, wuƙa ta yanke shi sau biyu, bai damu ba.

Huɗu saura kwata mai tabarau ta fito ta duba kwali uku, ta buga wa takardar hatiminta, ta ce Allah ya ba da kasuwa. Oga bai fito ba.

Sun isa shagon Hajiya ana shirin rufewa. Shago ne cike da rigunan makaranta da jakunkuna har rufi, iyaye biyu-uku suna ta ciniki. Hajiya, wata gajeriyar mace mai kaifin ido, ta tare su da faɗan sun makara, ta sa aka shigar da kwalayen ɗakin ajiya na baya. Ta zaro sandal, ta lanƙwasa shi, ta ja maɗaurin, ta shinshina fatar, ta gyaɗa kai. Sannan ta leƙa ciki.

"Ina rubutun?"

"An cire, Hajiya. A iyaka suka ce..."

"Wanda aka aiko min na gani da rubutu. Na ce irinsa sak."

"Shi ne sak. Ni na ɗinka wancan, ni na ɗinka wannan. Har wani babban jami'i ya ce..."

"Malam, ni ba jami'i nake sayar wa ba. Iyayen yara nake sayar wa. Uwa ta zo ta juya takalmi ta ga wayam, ta ce na ina ne, in ce mata na maƙwabta? Mutanen da muke gani kullum? Ai sai ta ajiye ta ɗauki na roba."

Baduku ya zaro takardarsa daga leda. "Amma an ce yanzu kayan gida ake so. An yi yarjejeniya. Ga takarda."

"Yarjejeniya ta iyaka ce, nan kasuwa ce." Ta dube shi, ta ga yadda fuskarsa ta koma, sai ta sassauta. "Kwantar da hankalinka, ban ce ba na so ba. Aiki ya yi kyau." Ta ɗaga murya ta kira ƙanenta, wani mai gemu da ke kula mata da ɗakin ajiya. "Hura gawayi, ka ɗauko ƙarfen nan na jakunkuna."

Mai gemu ya jawo murhu, ya zaro wani hatimi daga bayan kanta. Baduku ya matsa ya duba. Sunan ƙasar Turan nan ne dai, sabo fil, ba harafin da ya guntule.

"Ka ga ma an huta," in ji Hajiya. "Daga yau haka za mu riƙa yi. Kai ka kawo su wayam, su wuce iyaka da takardarsu, mu mu danna a nan. Zango mai zuwa ɗari huɗu nake so. Kada ka sa musu komai, ka ji? Ko ɗigo."

Ɗari huɗu. Dogo da Mai-Tari sun zauna ke nan, har a nemo na uku. Ya kamata ya yi murna, kuma ya nemi murnar a cikinsa ya same ta, tana nan, amma wani abu ya danne ta. Ya buɗe baki zai yi maganar maƙeri, ya ga bai san ta inda zai fara ba, ya rufe.

Ƙarfe ya yi ja. Mai gemu ya ɗauki sandal na farko ya danna a kan gurbin da Baduku ya yini yana gyarawa. Ya danna a karkace, ya kuma bar shi ya daɗe, fatar ta yi baƙi ta tattare, hayaƙi ya tashi. Ya jefar da shi gefe ya ɗauki na biyu, ya ƙona shi fiye da na farko.

"Ba haka ake yi ba," in ji Baduku.

"Haka nake yi wa jakunkuna."

"Wannan ba jaka ba ce. Ƙarfen ya yi zafi da yawa. Kuma an riga an kankare fatar, ba ta da kauri."

Mai gemu ya ɗaga kafaɗa ya kai hannu ga na uku. Baduku bai san lokacin da ya riƙe masa hannu ba.

"Kawo."

Ya karɓi ƙarfen, ya kaɗa shi a iska ya ɗan huce, ya gwada a gefen kwali. Ya jawo wani ɗan benci ya zauna, ya ɗora sandal a gwiwarsa. A lokacin wayarsa ta yi ƙara, ya maƙale ta a kafaɗa.

"Baba, kun isa? Ta karɓa?"

"Ta karɓa. Ɗari huɗu take so nan gaba."

Auta ta yi ihun murna har sai da ya janye kunnensa. "Na biya wajen maƙerin ma, ya ce Talata zai gama. Wane sunan za a sa?"

Baduku ya daidaita ƙarfen a tsakiyar dunduniya, ya danna, ya ƙirga uku a ransa, ya ɗaga. Rubutun ya fito tsaf, ba karkace. Idonsa ya cika da ruwa, ya bar wa hayaƙi laifin.

"Ki ce masa ya dakata tukuna," ya ce, ya miƙa hannu aka ba shi na gaba.